Daga Malam Inna Zuwa Kano da Jakar Goyo

Lahadi da dare, Malam Inna, Gombe

Gobe in Allah ya kai mu zan kama hanyar Kano. An ba mu hutu a jami'a, ɗaliban da ke haya a unguwar nan sun watse, masu shagunan buga takardu da masu shayin bakin titi sun koma zaman hira. Duk abin da zan tafi da shi ya shige jakar goyo ɗaya: 'yan kayan sawa, darduma, cajar waya, gorar ruwa da wannan littafi.

Inna ta tambaye ni abin da zai kai ni, tunda ba sari zan yi ba, ba biki ba, ba kuma asibiti ba. Na ce mata gani zan je yi. Shaddar jikina, bokitin robar da muke ɗiban ruwa, turaren da take sa wa a kasko, kusan duk ta Kano suka biyo kafin su iso Gombe. Ina so in ga inda suke fitowa da idona. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ka riƙe sallarka, ka riƙe wayarka. Duk wanda ya girme ka, ka gaishe shi kafin ka tambaye shi hanya. Allah ya kiyaye." Na ce amin.

Litinin

Mun tashi bayan asuba, da motar ta cika. Muka bi ta Dukku da Darazo, muka shiga ƙasar Jigawa ta wajen Birnin Kudu. Watan Afrilu ne, gonaki duk a share, ba abin da ke kore sai darbejiya da mangwaro. A gadar Wudil na leƙa kogi, ruwan ya janye ya bar yashi, manyan motoci na ta lodinsa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce, "Wannan yashin da kake gani, ɗana, duk gini ne a Kano."

Daga Mariri motar ta daina gudu. Tirela a gaba, tankar mai a gefe, adaidaita sahu masu launin ɗorawa na kutsawa ta duk inda suka ga 'yar kafa. Yara na bin tagogi da ruwan leda da ƙanƙara da rake. Mu ma mutanen Gombe mun san zafi, garinmu a kwari yake, amma da yamma iska kan sauko mana daga tuddai. Zafin nan daban ne. Yana fitowa daga sama, yana fitowa daga kwalta, yana fitowa daga salansar motoci, ya haɗu da ƙura ya zauna wa mutum a maƙogwaro.

Da na sauka a Unguwa Uku, 'yan kamasho suka yi mini caa: "Zariya! Kaduna! Jos! Malam, ina za ka?" Na tsaya da jakata a baya ina neman ɗan acaɓa kamar yadda na saba a gida, ban ga ko ɗaya mai ɗaukar fasinja ba. Mai sayar da ruwan leda ne ya fahimtar da ni cewa an hana acaɓa a birnin tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Shi ya tsayar mini da adaidaita, ya gaya wa direban inda zai sauke ni, ya kuma gaya mini kuɗin da zan biya a gaban direban, don kada a yi gardama. Bai karɓi komai ba sai kuɗin ruwansa.

Masaukina a Fagge ne, wurin wan wani abokina, tela. Ya ce in kira shi Yaya kamar yadda ƙaninsa ke kiransa. Wuta ta ɗauke tun kafin magariba, janareto ya kama kuka ta kowace kusurwa. Ɗakin ba ya shiguwa, sai muka shimfiɗa tabarma a ƙofar shago tare da yaransa masu koyon ɗinki. Har ƙarfe ɗaya na dare titi bai yi shiru ba. Kaina na sarawa, kunnena na amsa kuwwa. Abin da na gani yau hargitsi ne tsantsa, kuma haka zan rubuta shi.

Talata

Yaya ya ce in bar jakar a shago, in sa waya a aljihun gaba. Muka taka da ƙafa zuwa Kantin Kwari.

Ban taɓa ganin yadi mai yawa haka ba. Bene a kan bene, shago a cikin shago, atamfa da leshi da shadda da yadin maza an jera su har rufi. Layukan ba su wuce mutum biyu su gifta ba, amma a cikinsu 'yan dako ke gudu da dila a ka suna cewa, "Hanya! Hanya! A gafara!" Wanda bai kauce ba shi ya jiyo. Na ji Hausar Damagaram, na ji Larabcin Chadi, na ji Fulatancin Kamaru, na ji Faransanci, duk a layi guda.

Muka zauna a shagon wani Alhaji da Yaya ke sayen yadi a wurinsa. A zaman da na yi na fara ganin abin da ke ƙarƙashin hayaniyar. Waya ta shigo daga Yola, wani na son turame kaza. Alhaji bai rubuta yarjejeniya ba, bai nemi kafin alƙalami ba. Ya kira yaronsa, aka ɗaure kayan, aka rubuta suna a jikin buhu, ɗan dako ya ɗauka zuwa tasha, direba zai kai. Kuɗi sai mai kaya ya sayar. Na ce, "Alhaji, idan bai biya ba fa?" Ya ce, "Ɗan samari, da mahaifinsa na fara. Wanda ya ci amana a kasuwar nan, kafin la'asar kowa ya ji, kuma ya gama sari a Kano." Yaron shagon ma a kan wannan igiyar yake. Zai yi shekaru yana yi wa ubangidansa hidima, ranar da aka yarda da hankalinsa a sallame shi da jari ya buɗe nasa.

Abu ɗaya ya dame ni. Na riƙa duba bakin turamen, galibinsu daga ƙasar Sin suka zo. Alhaji ya ce lokacin da ya shigo kasuwa, masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa na aiki dare da rana, na Kaduna ma haka. Yanzu yawancinsu a rufe. Kwari ta fi dā girma, amma abin da take sayarwa ba a gida ake saƙa shi ba.

Da yamma muka bi ta Wapa, inda 'yan canji ke zaune a kan benci suna lissafin dala da riyal da sefa. Mutum zai miƙa maƙudan kuɗi a nan, ɗan'uwansa ya karɓa a wata ƙasa kafin ya kai gida. Yau na sha ruwan leda ba adadi, kuma duk ya fita ta gumi.

Laraba

Yau ni kaɗai na fita. Na shiga cikin birni, na nufi Kasuwar Kurmi, ina tafe ina tambaya. Matambayi ba ya ɓata, muddin ya fara da sallama.

Kurmi ta samo asali ne tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Lungunanta ƙanana ne, rumfuna sun rufe sama, don haka akwai 'yar inuwa. Kowane layi da sana'arsa. Nan dukawa ne da jakunkuna da takalma da titimi, can masu sirdi da linzami da kayan adon doki, gaba kaɗan 'yan koli, sai masu kanwa da kayan yaji da saiwoyi, sai masu alluna da tawada da littattafan addini. Idan ka tambayi mai turare inda ake sayar da ƙwarya, zai nuna maka ba tare da ya ɗaga kai ba, domin wurin bai sauya ba tun yana yaro. Baturen Jamus Heinrich Barth ya shigo garin nan a 1851, ya kuma ba da labarin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus.

Sunayen unguwannin da na ratsa da waɗanda aka lissafa mini sun isa darasi: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamus suka zauna. Fagge da nake kwana ma zangon fatake ce tun asali. Baƙi ne suka yi ta zuwa da kaya da harshe da abinci, gari ya ba su wuri, jikokinsu suka zama Kanawa. Gurasar da na ci da rana a Jakara, an yayyafa mata ƙuli da mai da albasa, ita ma ta hannun Larabawan nan ta shigo. Sai dai warin kwatar da ke bin unguwar ya hana ni daɗewa. Leda da shara sun toshe magudanai, ga mutane na cin abinci da kasuwanci a gefensu.

Da la'asar na isa marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Karofi ne birjik a ƙasa, amma da yawa sun bushe, wasu ƙasa ta cike su. Wani dattijo na zaune a bakin nasa, hannayensa sun rine har gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya nuna mini yadda ake haɗa baba da toka da ruwa, a bar su kwanaki su ruɓa har karofi ya nuna. Ya tsoma farin ƙyalle, ya ɗago shi yana kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gabana. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa. "Ba a yi wa rini gaggawa, yaro," in ji shi. Na ce, "Baba, 'ya'yanka na yi?" Ya ce ɗaya na tuƙa adaidaita, ɗaya na sayar da waya a Farm Centre. Bai faɗa da ɗaci ba, amma ni abin ya tsaya mini a rai. Daga can ciki ina jin sautin mabuga suna dukan shadda a kan gungume don ta yi ƙyalli.

Alhamis

Na hau Dutsen Dala da sanyin safiya, kafin rana ta yi ƙarfi. A nan labarin Kano ya fara, da Barbushe da tsafin Tsumburbura, tun kafin zuwan Bagauda. Daga sama ana hango Goron Dutse, ana hango koriyar ƙubbar Babban Masallaci, sauran kuwa rufin kwano ne da bulo har inda ƙura ta tare ido. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan 9, lokacin da Gombe duka ba ta kai miliyan 2 da rabi ba, kuma shekaru da yawa sun wuce tun daga nan.

Abin da na fi lura da shi daga saman dutsen shi ne ƙarancin bishiya. Sai ka bi unguwa guda da ido ba ka ga kore ba. Wani malamin makaranta da na tarar a can ya nuna mini wuraren da ya ce a dā kududdufai ne, inda aka haƙi ƙasar gini, suke kuma shanye ruwan damina. An cike da yawa an yi gidaje da shaguna. "Da bazara mu ƙone, da damina mu yi iyo," in ji shi. Nan na gane dalilin da ya sa dare ba ya sanyi a Fagge. Siminti da kwano na shan rana yini guda, su kwana suna amayar da ita.

Da na sauko na bi gefen ganuwa. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, sarakunan baya, har da Rumfa, suka faɗaɗa. Tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya. Amma a wurare da dama babu ita sam. An kwashe ƙasarta, an yi gini a kanta, wani wurin ta zama juji. Ƙofofin suna nan da sunayensu, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Na'isa, Ƙofar Ɗan'agundi, Ƙofar Kabuga, sai dai bangon da ya haɗa su yana ƙarewa a gaban idon kowa.

Na fake wa ranar tsaka a Gidan Makama. Ginin ƙasa ne mai kauri, kuma da shigata na ji sanyi ba tare da fanka ba. Magina na dā sun san garin da suke gini a cikinsa. A ɗakin da ke ba da tarihin zuwan Turawa na daɗe a tsaye. Sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Bayan 'yan watanni, a Yulin shekarar, aka yi yaƙin Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada tare da ɗimbin mutanen da suka bi shi hijira. Burmi a ƙasarmu take, wajen Bajoga. Labarin da ya faro a ƙofofin Kano da Sakkwato a jihar Gombe ya ƙare, kuma da yawa daga cikin abokan karatuna ba su taɓa taka wurin ba.

Juma'a

Da asuba ƙarar kurar 'yan garuwa ce ta tashe ni. Jarkoki ne jere a kan kura, mutum ɗaya na turawa, jijiyoyin wuyansa a miƙe. Yaya ya sayi jarka biyu, da su za a yi wanka da alwala da wanke-wanke. Ya ce akwai madatsar Tiga tun 1974, akwai matatun ruwa a Challawa da Tamburawa, amma gari ya fi ƙarfin bututunsa. Wanda ke da hali ya haƙa burtsatse, wanda ba shi da shi ya saya. Da bazara kuɗin jarka kan tashi, daidai lokacin da jiki ya fi bukatar ruwa. Na tuna unguwarmu, inda mu ma ruwan madatsar Dadin Kowa ba kullum yake isowa kowane gida ba.

Mun tafi Babban Masallaci da wuri, duk da haka a waje muka sami wuri. Kwalta na ƙona ƙafa ta cikin darduma. Mutane sun rufe kai da rawani da jarida da kwali. A masallacin nan ne aka kai harin ranar 28 ga Nuwamban 2014, mutane sama da 100 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Da aka ta da iƙama, taron da ke ta surutu da turereniya ya miƙe ya zama sahu-sahu cikin ɗan lokaci, babu mai tsawa, babu mai bulala. Garin da ya kwana huɗu yana cika mini kunne ya yi tsit, ba ka jin komai sai muryar liman. Ana sallamewa kasuwa ta ci a wurin: hula, turare, dabino, asuwaki, lemo.

A hanyar komawa na ga almajirai ƙanana kwance a inuwar wata katanga, ƙafafunsu ba takalmi, robobinsu a gefe. Wasunsu wataƙila daga ƙauyukanmu aka kawo su. Zafin nan ba daidai yake faɗa wa kowa ba. Mai mota ya rufe gilashi ya wuce. Ɗan dako, ɗan garuwa, mai baro da almajiri su ke ɗauke da shi a ka. Lokacin sanƙarau ne kuma, mutane na cunkushe a ɗakunan da ba taga.

Da dare na so in fita yawo, Yaya ya hana ni. Ya ce akwai lungunan da masu ƙwacen waya ke tare mutane da makami, kuma baƙo ba ya bambance su. Na zauna muka sha fura da yaransa.

Asabar

Na hau mota zuwa Dawanau a kan hanyar Katsina. Ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, kuma da ganin ta ba sai an rantse maka ba. Rumbuna ne layi-layi: masara, gero, dawa, wake, riɗi, zoɓo, citta, gyaɗa. Tireloli na lodi zuwa Legas, wasu zuwa Nijar. Na tambayi wani dillali ko kayan Gombe na zuwa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wakenku da masararku ai ba sa yankewa a nan." Buhun da ake ɗaurewa a Tudun Hatsi ta Gombe, ga inda yake sauka. Mu ke aiko da hatsi, mu kuma sayi yadi. Ashe mu ma muna cikin masu cika garin nan da motoci da hayaniya.

Gobe da asuba zan koma. Na biya na yi wa Alhajin Kwari sallama, ya ba ni yadi in kai wa Inna, na yi godiya. Yaya ya ƙi karɓar ko kwabo na masauki. Ya ce, "Kai ƙanina ne. Ran da na zo Gombe ka ba ni tabarma."

Ga abin da na fahimta. Hayaniyar Kano tana da tsari, kuma amana ce ke riƙe da ita: tsakanin mai shago da mai sari, tsakanin ubangida da yaronsa, tsakanin direba da mai kaya, tsakanin ɗan gari da baƙo. Wannan tsarin mutane ne suka gina shi da kansu shekaru aru-aru, yana kuma aiki. Inda garin ke wahala shi ne abubuwan da ba na mutum ɗaya ba: ruwa, inuwa, magudana, ganuwa, yaran da ke kwana a titi. Abin da ke da mai shi ana tsare shi, abin da yake na kowa an bar shi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Sai a 1919 aka dawo da hedikwatar masarautar Gombe inda take yanzu, sai a 1996 ta zama babban birnin jiha, amma dubi yadda ta bazu. Malam Inna kanta ta cika ta batse tun da aka kafa jami'ar jiha a 2004. Mun ga yadda kwari ya riƙa cin gidaje tsakanin jami'a da unguwarmu da Kagarawal kafin a yi aikin tare shi, mun kuma ga bishiyoyin da aka fara dasawa a shirin Gombe Goes Green. Muna da sauran lokacin da Kano ba ta da shi. Mai gini ya bar wa ruwa hanyarsa, ya dasa bishiya a ƙofar gida ya kuma shayar da ita. Masu unguwanni su hana sayar da filayen da ruwa ke kwanciya. Hukuma ta kai bututu kafin gidaje su riga shi isa.

Ku kuma 'yan'uwana matasa, kada ku jira sai kun tara kuɗin otal. Kuɗin mota, jaka ɗaya da wanda zai ba ku tabarma sun isa. Ku je Kano, ku je Zariya da Katsina da Sakkwato, ku je Burmi da ke bayan gidanku. Ku tafi da ladabi, ku sha ruwa da yawa, ku tambayi dattawa, ku dawo ku gyara garinku.